Guzurin kwana a daji: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kasuwa

Mai zuwa kamun kifi a bakin dam ɗin Goronyo, da ma'aikacin rigakafi da aka tura ƙauyukan Gudu ko Tangaza, da manomin da zai tare a gona har a gama girbi, duk tambayoyi biyu ne ke gabansu kafin su shiga Babbar Kasuwar Sakkwato sayen guzuri: ruwa nawa za su samu a can, kuma za su iya hura wuta ko a'a? Amsar waɗannan ita ke zaɓa maka guzuri, ba daɗin baki ba.

Ruwa ne ya fi komai nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma a bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai aiki a rana yakan sha lita biyar zuwa shida a yini. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 lita 10 ce, wato da ƙyar za ta kai ka kwana biyu. Saboda haka duk abincin da sai an dafa shi da ruwa mai yawa, ko wanda zai bar tukunya tana jiran wanki, yana ci maka ruwan sha ne.

Shi ya sa muke fifita busasshen guzurin gida a matsayin ginshiƙi. Namijin da ke aikin ƙarfi yana bukatar kalori wajen 3,000 a rana. Garin kwaki giram 300, soyayyar gyaɗa giram 150, dabino giram 150, kilishi giram 100, sai sukari da madarar gari giram 100 a haɗe, sun kai ka wannan adadin, nauyinsu bai cika kilo ɗaya ba, kuma ba ka kunna ashana ba. Wajen sayen gari, ɗebi kaɗan ka murza a tafin hannu. Mai kyau yana ƙaras-ƙaras, ba ya dunƙulewa. Wanda ya dunƙule bai soyu ba, kuma da ya kwana a leda cikin zafi zai yi warin ruɓa. Gyaɗa da ƙarago kuwa a duba su da idon basira: duk wanda ya yi baƙi-baƙi, ko ɗaci, ko warin hunhuna, a bar shi, domin hunhunar gyaɗa na ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Tsakanin kilishi da dambun nama akwai abin dubawa. Kilishi ya fi sauƙin ɗauka, ba ya son mazubi, takarda ta ishe shi. Sai dai gishiri da yajin da ke cikin labunsa suna tada ƙishi sosai, don haka a bazara abincin dare ne, ba na tsakar rana ba. Ka karya gefensa kafin ka biya kuɗi. In ya karye ƙas, ya bushe. In ya lanƙwashe yana sheƙin mai, na ci yau ne ko gobe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure shi a leda da ɗuminsa daga wurin mahauci: gumi ya taru, kwana biyu ka ga farin hunhuna a jikinsa. A bar shi ya huce, a naɗe a takarda, sannan a sa a jaka mai shan iska. Dambun nama ya fi shiga abinci, ana barbaɗa shi a gari ko a kuskus, kuma in an soya shi ya bushe sarai yakan yi makonni a roba mai murfi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada jiƙaƙƙen hannu ko cokali ya shiga. Ga tafiyar da ta wuce mako guda, dambu muke zaɓa.

Hoce yana riƙe ciki ƙwarai, musamman in aka yi datunsa da garin ƙarago, albasa da ɗan man gyaɗa, amma na kwanakin farko ne, gara a fara da shi. Haka biredi, wanda da damina ba ya wuce kwana biyu ko uku bai yi hunhuna ba. Ɗanyar fura da nono na ranar tashi ne kawai. Mai son fura ya sayi busasshiya ta gari, ya dama da madarar gari. Cuku na buzaye, wanda ake shigowa da shi ta Illela, da nakiya da dakuwa duk suna jure hanya.

In akwai wuta, zaɓi ya faɗaɗa, amma a nan ma da bambanci. Mutane da yawa kwalin Indomie suke fara ɗauka, alhali ƙaramar leda ta giram 70 ba ta wuce kalori 350 ba, sai ka ci kusan tara a rana kafin ta maye gurbin lissafin da muka yi a sama. Ga gishiri, ga cin wuri a jaka. Tana da amfani da daren hunturu, lokacin da jiki ke son abu mai zafi cikin minti biyar, amma ba abin dogaro ba ce. Kuskus ya fi ta: kofi ɗaya na kuskus, kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, cokalin mai da gishiri, a rufe minti biyar, ba a zubar da ko ɗigo. Shinkafa na cin wajen rabin awa a wuta, wake kuwa ya haura awa ɗaya, sai dai ga ayarin da ya zo da mota kuma zai zauna wuri ɗaya. Garin ɗanwake da garin kunun tsamiya suna da sauri, sai dai ɗanwake yana son tukunya cike da ruwa.

Kifin gwangwani yana da kyau a ɗauki biyu ko uku don canza baki. A duba ranar ƙarewarsa, kuma duk gwangwanin da ya kumbura, ko ya lotsa a bakin haɗi, ko ya yi tsatsa, kada a saya ko da an karya farashi, gubar da ke cikin irinsa tana kisa. Wanda aka buɗe a cinye shi nan take.

Batun murhu, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ta fi saurin girki, amma da ƙarfenta ta haura kilo shida, ta mai mota ko babur ce, kuma ba a barinta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Risho ya fi sauƙi, sai dai iska na kashe shi, kuma kananzir in ya tsiyaya a kan gari an yi asararsa duka, don haka jakarsa daban. Kurfoti da gawayi sun fi arha. Kada a taɓa shigar da garwashi cikin tanti ko bukka a rufe don jin ɗumi, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kashe mai barci. Da rani kuma a share ciyawa taku uku kewaye da murhu kafin a hura.

In jarka ta ƙare aka koma ruwan gulbi ko tafki, alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ya kwanta a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. A sayi ruwan gishiri da sukari na leda guda biyar a kemis saboda gudawa. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.