Ribas ɗin babur mai ƙafa uku: abin da na gani a shekara ɗaya da rabi

Shekara ɗaya da rabi ke nan da na sayi babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ƙirar China ɗin nan mai bodi a baya, injinsa 200cc. Siminti da rodi nake ɗauka daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokacin buhunan hatsi daga Dawanau, in kasuwa ta yi sanyi kuma in gangara Singa in kai wa masu shaguna katan-katan. Acaɓa na yi a da, har zuwa 2013 da aka hana goyo a Kano, saboda haka hannuna hannun babur ne. Shi kuwa ɗan acaɓa ƙafafunsa ne ribas ɗinsa. Ranar da na karɓi wannan injin, mai sayarwar ya nuna min wata liba a gefe ya ce, "Wannan ta baya ce." Iyakar karatun da aka yi min ke nan. Sauran a titi na koya, wani ma da kuɗina.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ribas ɗin nan ba ya cikin injin. Injin na babur ne zalla, giya biyar, dukkansu na gaba. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne aka ɗaura a gefensa, daidai inda sarƙa take kamawa a babur mai ƙafa biyu, daga nan farfela, wato doguwar sandar ƙarfe mai juya tayoyi, ta miƙe zuwa tayoyin baya. In ka ja libar, haƙoran da ke cikin akwatin sai su juya farfelar ta koma ɗaya hannun. Ke nan ba giya ɗaya ce ta baya ba kamar a mota. Duk giyoyin nan biyar baya suke komawa. In ka ga dama kana iya sa ta uku kana tafiya da baya, amma wanda ya gwada haka da lodi, to ya fara sallama da iyalinsa.

Yadda nake yi yanzu: in tsaya cak, in mayar da giya firi, in ja libar har in ji ta zauna, sannan in kama kuloci in sa giya ɗaya in saki a hankali. Totur kaɗan ya isa. In libar ta ƙi shiga ba na kokawa da ita, haƙoran ne ba su haɗu ba. Sai in ɗan girgiza babur ɗin gaba ko baya, ta faɗa da kanta.

Amfaninsa kuwa, wanda bai shiga lungunan cikin gari da kaya ba ba zai gane ba. Mai adaidaita sahu yana iya juyawa a ɗan fili kaɗan, nawa kuwa dogo ne, kuma yawancin lungunan da ake kirana bakinsu ɗaya ne. Ka shiga da buhun siminti goma, kowanne kilo 50, rabin tan ke nan a bayanka, ka tarar an kafa rumfar biki a gaba ko an zube yashi a tsakiyar hanya. Ba ribas, sai dai ka sauke kaya ka nemi majiya ƙarfi su tura, kuma ba don Allah za su tura ba. Da ribas kuwa ina kai bodin har bakin ƙofar mai gini, leburori su riƙa zarewa kai tsaye. Akwai wani Alhaji mai shago da ya daina kiran kowa sai ni, ba don na fi kowa sauƙi ba, sai don ina juya masa baya har bakin sito, yaransa ba sa doguwar ɗauka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, ba wanda ke sha'awar dogon zagaye don kawai ya samu wurin juyawa.

To amma tuƙi da baya a wannan abin wani ilimi ne daban. Tayar gaba ita ce mai karya kwana, in kana ribas kuma ita ce ke bin baya, sai kan babur ɗin ya riƙa neman ƙwacewa. Da tayar ta taka ɗan dutse ko bakin kwalbati, sai ka ji ya fizge ka gefe guda da ƙarfi, har ya bugi cinyarka. Hannu biyu ake riƙe shi, riƙo na gaske. Sannan kana can kana kallon bodi kada ya goge katanga, gaban ya buɗe ya je ya daki babur ɗin wani da aka jingine. Madubai kuma a jikin kan suke, suna juyawa tare da shi, daidai lokacin da kake buƙatar ganin kwana sai su nuna maka sama ko bangon wani. In lodi ya wuce tsayin kafaɗa ma, madubi ado ne kawai. Shi ya sa a unguwa ba na ja da baya sai na sauka na leƙa. Yara suna son maƙalewa a bayan bodin nan kamar an aiko su, ƙarami kuma ba ka hango shi daga kujera ko da ba kaya.

Ga abin kunyar da ya same ni. Babur ɗin ya zo da wata 'yar na'ura mai magana, da ka ja libar sai muryar mace ta fara sanarwa da yaren China, tana maimaitawa ba fashi. Yaran layinmu suka haddace, ko a ƙafa na fito sai su bi ni suna rerawa. Abin ya ishe ni na cire wayar. Bayan kamar sati biyu na kai siminti wani lungu a Gwammaja, na yi ribas na daidaita, aka sauke, na kashe injin na tsaya amsa waya. Da na gama na tayar, na sa giya ɗaya, na ba shi wuta irin ta mai tafiya gaba, ga shi ba kaya. Libar tana nan inda na bar ta. Kafin ƙafata ta sami birki na ji ƙara a baya. Teburin wani dattijo mai shayi ne. Kiret ɗin ƙwai ya kife, gwangwanayen madara suna ta gangarawa cikin kwata, wani mai cin burodi ya tashi da kofinsa a hannu yana salati. Allah ya tsare tukunyar ruwan zafin tana ɗaya gefen.

Dattijon ya dube ni ya dubi ƙwansa ya ce, "Ɗan nan, kai kana kallon gabas, abin hawanka yana yamma?"

Na ce, "Baba a yi haƙuri, laifina ne."

Na biya kuɗin ƙwai talatin da abin da ya zube, ranar aikin banza na yi. Kafin magariba na mayar da wayar matar nan. Yanzu in ta fara surutunta har daɗi nake ji. Amma a nan ina ganin masu ƙera shi ma sun gaza: a nawa babu wata fitila a gaban direba da za ta nuna cewa liba tana baya. Da muryar ta mutu, shi ke nan, sai ƙwaƙwalwarka.

Akwatin kansa shi ne wurin da ya fi ba ni ciwon kai a duk babur ɗin. Wajen wata na bakwai libar ta fara fita da kanta. Ina cikin ja da baya da lodi sai in ji "ƙarrr", injin yana ihu, taya ba ta motsi. Na kai wa bakanikena, ya kwance ya juye shi a faranti. Man da ya fito bai kai cikin ludayi ba, baƙi ƙirin, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Bakin haƙoran duk ya cinye ya yi sulɓi.

Ya ce, "Oga, gaskiya dai, kana jan ta kafin ka gama tsayawa ko?"

Ban musa ba. In ina sauri, babur na ɗan gangarawa nake fizgar ta, tana ƙara ina cewa ai ta shiga. Ya kuma nuna min inda mai yake yoyo. Akwatin yana da mansa daban, ba ruwansa da baƙin man injin, ni kuwa wata bakwai ina juyen baƙin mai a kan lokaci ina ganin na gama kula da shi. Rabin laifin nawa ne, na yarda. Sauran rabin na ƙarfen ne, don bai yi kama da abin da aka yi domin rabin tan a hanyoyinmu ba, notinan da suka riƙe shi kuma girgiza tana kwance su. Mun nemi haƙoran kaɗai ba mu sami daidai su ba, dole na sayi akwatin sukutum. Sabon yana nan lafiya har yau, duk Juma'a da safe nakan bi notinan da sifana in duba mai.

Kuloci ma yana shan wahala in ribas ya yi tsawo, domin giya ɗaya ta yi wa tafiyar baya sauri, dole kana riƙe da shi rabi da rabi. Nawa yana da liba ta biyu ta ƙarin ƙarfi wadda ake sawa a hawa, ita nake haɗawa da ribas in lodi ya yi nauyi, sai ya riƙa tafiya kamar hawainiya, in saki kulocin gaba ɗaya. Mai niyyar saye ya nemi mai wannan libar, bambancin kuɗin bai kai wahalar ba. A taɓo kuwa kada a sa rai. In taya ɗaya ta faɗa laka, ita kaɗai za ta yi ta juyawa tana watsa maka caɓi, ɗayar tana tsaye, ko gaba ko baya.

In za a sake ba ni zaɓi zan sake sayen irinsa, kuma ko kyauta aka ba ni marar ribas sai na kai an ɗaura masa. Sai dai a wurin saye zan ce a ɗora min buhu biyar in ja da baya a gaban mai shagon, in ji ko libar tana zama daram, in kuma sa a buɗe akwatin in ga mai da idona. Baba mai shayi kuwa mun zama abokai, can nake karyawa in aiki ya kai ni Gwammaja. Da ya hango ni sai ya ɗauke kiret ɗin ƙwai ya mayar ƙarƙashin tebur.