Kafin ka sayi robot ɗin forex, wace shaida za ka karɓa?

Robot ɗin forex, wanda ’yan harka ke kira EA, ƙaramar manhaja ce da ake ɗorawa a kan manhajar ciniki ta MetaTrader 4 ko MetaTrader 5 ta riƙa saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe ko da kai kana barci. Akwai na dala 30, akwai wanda ya haura dala 1,000, kuma ko wanne ka taɓa, mai shi zai ce maka nasa ba ya faɗuwa. To, mai kaya ba ya kushe kayansa. Abin da ya rage maka shi ne auna shaidar da ya kawo, kuma na ga kala biyar da ake yawo da su.

Na farko, hoton allo da bidiyon waya, ba zan ɓata musu lokaci ba. Yaron da ya iya waya zai haɗa maka ribar dala dubu goma kafin shayinka ya huce, kuma asusun demo, wanda kuɗin cikinsa na wasa ne, kamanninsa ɗaya da na gaske a hoto.

Na biyu shi ne gwajin baya. MetaTrader na da wani sashe mai suna Strategy Tester inda ake sakin robot a kan farashin shekarun da suka wuce a ga abin da zai yi. Yana da amfani ga wanda ya rubuta robot ɗin, amma ga mai saye kusan banza ne. Mai robot ya riga ya san yadda kasuwa ta tafi, sai ya yi ta murɗa saituna har layin riba ya miƙe sumul. Ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya ke nan. Ko an rubuta maka ingancin gwaji kashi 99, abin da lambar ke nufi shi ne an yi amfani da cikakken tarihin farashi, ba ta ce komai a kan gobe ba. Kuma gwajin bai cika jin abin da asusun gaske ke ji ba: tazarar saye da sayarwa da ke buɗewa lokacin labarai, da zamewar farashi kafin umarni ya shiga. Idan an nace sai ka duba, ka ce a saka maka ranar 15 ga Janairun 2015 a ciki. Ranar ce babban bankin Suwizalan ya janye shingen 1.20 da ya kafa tsakanin yuro da faran ɗin ƙasar, farashi ya rufta cikin ’yan mintuna, har dillali (kamfanin da ake buɗe asusun ciniki a wurinsa) irin Alpari na Ingila ya durƙushe.

Na uku, shafukan da ke jawo bayanai kai tsaye daga asusu: Myfxbook, FX Blue, da sashen sigina na MQL5. Nan an fara magana. A Myfxbook ka duba alamu biyu na tantancewa, ɗaya na cewa tarihin ya yi daidai da abin da ke wurin dillali, ɗaya na cewa mai shafin shi ke da ikon ciniki a asusun. Ka duba an rubuta asusun gaske ne ko demo. Ka duba tsawon tarihi. Ni ƙasa da shekara ɗaya ba na kallo. Matsalar ita ce mai shafi na da damar rufe wasu sassa, kuma sashen da aka fi rufewa shi ne na cinikin da ke buɗe yanzu. A nan aka ci ni.

Na sayi wani robot a hannun wani mutum a Telegram. Shafinsa na da alamun nan biyu, layin riba na hawa kamar matakala, cinikin da aka ci ya haura tara cikin goma. Sashen ciniki buɗaɗɗe na kulle, ban damu ba. Wata uku ina ganin ’yar riba kullum, har na fara lissafin canza babur. Ashe robot ɗin ba ya yarda ya rufe ciniki da asara. Idan kasuwa ta juya masa baya sai ya sake buɗe wani da ninkin girman na farko, ya sake ninkawa, yana jiran farashi ya ɗan dawo ya rufe duka da riba. Sunan wannan dabara martingale. Ranar Juma’ar farko ta wata, lokacin da Amurka ke fitar da alƙaluman ayyukan yi, wanda kan faɗo da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana a agogonmu, ina masallaci waya a kashe. Na fito, ƙafa ɗaya a takalmi, na kunna. Ciniki takwas jere, duk ja. Kafin in tsallaka titi dillali ya rufe su da kansa. Abin da ya saura bai kai kuɗin data na wata ba.

Yi lissafin da kanka. Ka fara da lot 0.01 (lot shi ne ma’aunin girman ciniki), ka ninka: 0.02, 0.04, 0.08, 0.16, 0.32, 0.64, 1.28. A mataki na takwas jimilla 2.55 ke buɗe. A yuro da dala, kowane pip (ƙaramin ma’aunin motsin farashi) na cikakken lot dala 10 ne, wato a lot 2.55 kowane pip ɗaya na cin dala 25 da rabi. Pip 40 kacal sun haura dala 1,000. Irin wannan robot kan yi wata da watanni bai nuna asara ko ɗaya ba, don asarar na rataye a buɗe, ba a rubuta ta a tarihi ba tukuna.

Shi ya sa na huɗu ya zama zaɓina, kuma ba na ɓoyewa. Kowane asusun MetaTrader na da kalmar sirri biyu. Ta farko ta ciniki ce. Ta biyu, wadda manhajar ke kira investor password, ta kallo ce kawai: ka shiga, ka ga komai, ba ka iya taɓa komai. Mai robot na gaskiya ba abin da zai rasa idan ya ba ka ita tare da lambar asusu da sunan sabar dillali, wato kwamfutarsa da ke riƙe da asusu. Da ka shiga a wayarka, fara da lambobi biyu na sama, balance da equity. Na farko kuɗin da ke rubuce ne bayan cinikin da aka rufe, na biyu abin da zai rage in an rufe komai yanzun nan. In na farko na cewa 5,000 na biyu na cewa 3,200, ka riga ka ga abin da ake ɓoyewa. Sai ka gangara tarihi ka bi girman lot ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko yana ninkuwa bayan asara. Ka duba ko kowane ciniki na da wurin tsayar da asara. Ka duba shigar kuɗi: wasu na zuba sabon kuɗi daidai lokacin da asusu ke nutsewa don ya ɗaga kai. Kada ka shiga sau ɗaya ka gamsu. Leƙa safe da dare na tsawon mako huɗu ko shida, musamman ranakun manyan labarai. A nan ne kuma za ka ga layin swap, kuɗin ruwan da ake caja idan ciniki ya kwana, abin da ya shafi duk mai gudun riba ta haram; robot mai riƙe ciniki kwanaki ba ya rabuwa da shi sai a asusun da aka cire swap.

Ko kalmar sirrin kallon ma tana da kafa. Mutum na iya sakin robot a asusu ashirin, sha tara su mutu, ya ba ka makullin wanda ya tsira. Mafi muni, dillalin kansa na iya zama na bogi, kuma wanda ke riƙe da saba shi ke rubuta lambobi. Haka Mirror Trading International ta yi a Afirka ta Kudu. Ta ce tana da robot mai kawo kusan kashi 10 a wata, ta tara bitcoin sama da 29,000, abin da CFTC, hukumar sa ido kan irin wannan ciniki a Amurka, ta ƙiyasta ya haura dala biliyan 1.7. Hukumar ta ce bayanan cinikin da ake nuna wa mutane daga asusun demo suke, dillalin da aka ce kuɗin na wurinsa kuma shugaban kamfanin, Johann Steynberg, shi ya ƙirƙire shi. Kamfanin ya rushe a ƙarshen 2020, aka kama mutumin a Barazil bayan shekara ɗaya. Mu ma nan gida mun ga CBEX, wadda ta ce ƙirƙirarriyar basira ke yi mata ciniki, ta rufe ƙofa a Afrilun 2025 da kuɗin jama’a, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari a Najeriya ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Don haka ɗauki sunan dillalin ka nema da hannunka a rajistar hukumomin da ke ba dillalai lasisi: FCA ta Ingila, ko ASIC ta Ostareliya, ko FSCA ta Afirka ta Kudu. Kada ka bi mahaɗin da mai sayarwa ya turo.

Wasu alamu kuma ba sa bukatar bincike. Wanda ya ce robot kyauta ne amma dole ka buɗe asusu ta mahaɗinsa, lada yake ci a kan kowane ciniki da robot ya buɗe, ka ci ko ka faɗi. Wanda ya yi alkawarin kashi 15 kowane wata na cewa kuɗinka zai ninka sau biyar da ɗoriya a shekara. Me zai yi da dala ɗarinka? Wanda ya ce ka turo kuɗin shi zai saka maka a robot, wannan ba manhaja yake sayarwa ba. Wanda ya ce saura kwafi uku, bar shi ya sayar. A Turai tun 2018 aka tilasta wa dillalai rubuta yawan ƙananan ’yan kasuwar da ke asara a wurinsu, kuma binciken ESMA, hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, ya sa adadin tsakanin kashi 74 zuwa 89.

Na biyar shi ne gwajin kanka, kuma bayan na huɗu yake zuwa, ba a madadinsa ba. Buɗe asusun santi, inda dala 20 ke bayyana a matsayin 2,000, ka saki robot wata uku da saitunan da mai shi ya bayar. Ka yi hayar VPS, kwamfutar da ke kunne dare da rana a wata ƙasa, don in wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke robot na da ciniki a buɗe, ba wanda zai rufe shi. Sannan ka jera cinikinka da na asusun da aka ba ka kallo, rana da rana. In nasa na cin pip 8 naka na cin 2 a ciniki iri ɗaya, robot ɗin na dillalinsa ne kawai.

Yanzu saƙo ɗaya nake tura wa duk mai talla: “Malam, a taimaka da lambar asusu, sunan saba da investor password.” Na ƙarshe da na tura wa ya amsa da hotuna shida da muryar minti huɗu, washegari ya cire ni daga guruf ɗin.