Haƙorin hankali mai ciwo: a cire ko a bar shi?

Ƙanwata ta Daura, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce shekarunki 24, haƙorinki na can ƙurya, na ƙasa ta hagu, ya leƙo rabi ya tsaya, kuma wannan ne karo na uku da dasashin wurin ya kumbura har kika kasa buɗe baki sosai. Likitan haƙori ya ce a cire, Inna ta ce cire haƙori yana taɓa ido, mai kemis kuma duk lokacin da ya ba ki magani sai ciwon ya kwanta. Ni ba likita ba ce, amma an cire mini irinsa a nan Katsina bayan na yi shekara biyu ina jan ƙafa.

Wannan shi ne turmi na uku, na ƙarshe cikin haƙora 32 na baligi, kuma yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, shi ya sa ake ce masa haƙorin hankali. Da yake shi ne auta, sau da yawa yakan tarar 'yan'uwansa sun cinye wuri a muƙamuƙi. Sai ya karkace, ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko ya fito rabi dasashi ya rufe sauran kamar murfi. Ƙarƙashin murfin nan ne guntun abinci ke maƙalewa, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Ƙwayoyin cuta su taru, wuri ya kumbura, baki ya yi wari, wani lokaci har da mugunya.

Barin haƙorin ba wauta ba ne a ko da yaushe. A Ingila tun shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani, ta ce kada a riƙa cire haƙorin hankali da ba ya ba da matsala, kuma kumburin farko, in bai yi tsanani ba, bai isa dalilin cirewa ba. Wanda nasa ke fitowa a miƙe, akwai wuri, zafin tsagowar dasashi ne kawai, to kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, da farasitamol, da tsaftace wurin, kan wadatar har ya gama fitowa. Ba kuɗin aiki, ba ɗinki, ba kwanakin jinya. Amma ƙa'idar nan ta ce in kumburin ya dawo karo na biyu ko fiye, cirewa ta dace. Ke kina na uku.

Maganin kemis, amoksisilin da Flagyl, yana kashe ƙwayoyin da suka taso ne kawai. Murfin dasashin yana nan, ramin da abinci ke shiga yana nan, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Yawan shan su ba bisa ƙa'ida ba kuma yana sa ƙwayoyin su saba, ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma iyakarsa ke nan. Ruwan batir, fetur, ko danna ƙwayar asfirin a kan dasashi kuwa ƙona nama suke yi, don Allah ko an ba ki kada ki karɓa.

Asarar da ta fi ba ni takaici ita ce wadda ba a jin ta sai ta gama aukuwa. Haƙorin hankalin da ya kwanta yana tara datti a jikin turmin da ke gabansa, ya yi masa kogo daga baya inda ba a gani. Shi wannan na gaban shi ne mai aikin tauna. Ni sai da aka cike mini nawa, likitan kuma ya ce da na ƙara jinkiri da biyun zan rasa.

Ita cirewar fa? Ba zan ɓoye miki ba, tana da tata wahalar. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, kina farke, kina jin dannawa da girgiza amma ba zafi. Na sama yakan fita da sauri. Na ƙasa da ya kwanta, irin wanda nake zargin naki ne, wani lokaci sai an tsaga dasashi, a ɗan rage ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, sannan a ɗinke. Kumburi yakan kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku, baki ya yi nauyin buɗewa, cikin mako ɗaya zuwa biyu a dawo daidai. Kunu, koko, fura mai laushi da faten dankali ne abincinki, kilishi da rake da ƙuli-ƙuli sai an warke.

Haɗari biyu ya kamata ki sani. Na farko, gudan jinin da ke toshe ramin yana iya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, sai zafi mai tsanani ya taso bayan kwana 3 zuwa 5. Yawan tofar da yawu, kurkure baki a ranar farko, zuƙar abin sha da tsinke, da shan taba suna iya jawo shi, kuma in an koma asibiti ana wanke ramin a sa magani. Na biyu, akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, kusa da saiwar wannan haƙori, ita ke ba leɓe da haɓa ji, wata kuma tana ba harshe. In an taɓa su wurin yakan mutu na makonni ko watanni, a wasu 'yan kaɗan ya zauna haka. Saboda wannan ne ba na son a cire shi ba tare da an ɗauki hoton muƙamuƙi ba, kuma saboda shi ne wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa ba ya cikin lissafi. In hoton ya nuna saiwar ta manne da jijiyar, akwai aikin da ake yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar. Ki tambayi likitan ko naki ya dace da shi.

Maganar ido kuwa, ki lallaɓa Inna, tsoron da take yi na ƙauna ne. Jijiyar gani daban take da ta haƙora, naki ma na ƙasa ne. In da hali ki tafi da ita, ta ji daga bakin likita.

Da ni ce ke, ƙanwata, cirewa zan yi. Wahalarta mako biyu ce, ana saninta tun kafin a fara. Ta barin kuwa ba ta da ranar ƙarewa, kuma ita ke zaɓar lokacinta, tsakar dare ko tsakiyar azumi. In likitan Daura ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su, zai iya tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ki faɗa masa in kina da juna biyu, ciwon suga, hawan jini, sikila, gyambon ciki, ko kina shan maganin tsinka jini, domin suna canza lokacin aikin da irin maganin zafin da za a rubuta miki.

Kafin ranar ta zo, in kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko haɗiyar yawu da numfashi suka yi wuya, kada a jira gari ya waye, kada a biya ta kemis. A kai ki sashen gaggawa a daren, domin irin wannan kumburin yana iya toshe hanyar numfashi.