Mujallar wasa ƙwaƙwalwa ta riyal 10 da na saya a Hindawiyya

Ni dai aikina tuƙi a nan Jidda, kuma duk direban gida ya san rabin aikin jira ne, ka kai yara makaranta ka jira, ka kai madam asibiti ka jira, waya har ta gundure ni. Shi ne wata uku da suka wuce na shiga wata ƴar maktaba a Hindawiyya zan sayi biro, na ga mujallar nan ta kacici-kacici a rataye, riyal 10, na ce bari in gwada.

Sudoku na ciki, wasan jera 1 zuwa 9 a akwatuna, ba laifi, na farko-farko kam ko yaro ya cike su. Akwai kalimatus sirri, wanda za ka yi ta soke kalmomi cikin akwati, haruffan da suka rage su haɗa maka kalmar ɓoye, wallahi ya ƙara min Larabci fiye da shekarun da na yi ina jin "yalla yalla".

Amma shafin lambobi ne ya kama ni. Ana ba ka lamba ka mayar da ita harafi da hisabin abajada, na ce kai wannan ai gidanmu aka zo, tun a tsangaya muka sha shi. Suka ba da 300, 40, 60. Na rubuta sin, mim, sodi, ba ma'ana ko kaɗan! Kwana biyu ina zagin masu mujalla a raina. Sai wani dattijo ɗan Kano da muke sallar isha tare ya karɓa ya duba, ya yi dariya ya ce "ɗana, ai lissafin ƙasashen Magrib ka ɗauko, nan na Gabas suke yi." Ashe a wajensu sin 60 ne shin 300, mu kuma sodi ne 60, sin 300, shin har 1000. Kalmar shamsu ce, rana, ga ta nan tana dukana ta gilashin mota. Ya ce ko 786 ɗin da ake rubutawa a madadin Bismillah da lissafinsu ne, da namu 1026 zai fito.

Wani shafin kuma an musanya haruffa da alamomi, a gefe suka tuna da Alkindi na Bagadaza, ƙarni na 9, wanda ya nuna a ƙirga alamar da ta fi yawa, a Larabci alif da lam ne ke gaba. Dabarar na ci sosai.

Inda suka gaza, takardar ba ta da kauri, ka goge sau biyu ta huje, sannan amsoshin na shafin ƙarshe ba a kife ba, ido na faɗawa kai ko ba ka so. Ni dai na manne nawa da salatif. Fensir za ka saya kar ka yi gangancin biro, kuma mai shagon ya ce sabuwa sai farkon wata, na riga na bar masa riyal 10 ɗina ya ajiye min.