AM ko The Car, wanne za a fara ji?

Ana ta tambayata wai wanda zai fara jin ƙungiyar mawaƙa ta Arctic Monkeys, 'yan Sheffield ɗin nan na Ingila, ya fara da kundin waƙoƙinsu AM na 2013 ko The Car na 2022?

AM dai ba wuya, jita ce da ganga masu nauyi, kafin ka ankara ka fara kaɗa kai ko Turancin mawaƙinsu Alex Turner bai shige ka ba. The Car kuwa sai da haƙuri wallahi, sun rage jitar sun cika shi da gogen Turawa da fiyano, kiɗan na tafiya sannu-sannu shi kuma Turner ya siranta murya yana jan baiti. Tun kundinsu na 2018 suka fara wannan juyin, masoya da yawa suka yi ta ƙorafi.

Kuɗi kam duk ɗaya ne, data ce kawai. Matsalar The Car kana iya kashe shi tun waƙa ta biyu, amma ni a wajena ya fi jure maimaici, duk saurare sai ka tsinci wani gogen da ya wuce ka.

Mai neman na tuƙi ko motsa jiki ya ɗauki AM. Wanda hayaniyar samari ta gundure shi kuma yana da lokacin zama, The Car ne nasa.