Kawu, a Nan da Ƙanƙara Ake Kwaɓa Kankare

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ranar da muka yi waya ka tambaye ni ko maginan nan Amurka suna da wani siminti na daban ne wanda rana ba ta tsaga shi, na ce maka amsar ta fi ƙarfin waya, sai na zauna na rubuta. To ga shi na samu zama. Na sa wasiƙar inda wasu ma za su karanta, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Siminti dai siminti ne, Kawu. Buhunsa a Amurka ma bai kai wanda ka saba ɗauka nauyi ba, fam 94 ne, wato kilo 42 da ɗoriya. Abin da na ga mutanen nan sun ƙware a kai shi ne tsare ruwan da ke cikin kwaɓi kada rana ta sace shi kafin siminti ya gama sha. 

Birnin Finiks da nake zaune, a jihar Arizona, a cikin hamadar Sonora yake. A shekarar 2023 an jera kwana 31 zafi bai kasa digiri 43 da rana ba, kuma a watan Yunin 1990 ya taɓa kai digiri 50. Ruwan saman shekara guda da ƙyar yake kai milimita 200. Iskar bushe take ƙarau, riga in ka wanke ka shanya, kafin ka juya ta bushe. Yadda take yi wa riga haka take yi wa kankare.

Sai da na yi asara na gane haka. Bayan na samu gidan da nake ciki, na so a yi mini hanyar tafiya daga ƙofar gida ta zagaya zuwa bayan gida, faɗin ƙafa 4, tsawon ƙafa 40, kaurin inci 4. Wani mutum da aka haɗa ni da shi ya yi mini kuɗi da sauƙi, na amince. A watan Yuni ne. Bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, ga buhunan kwaɓi sun wuni jiya a rana, ga tiyon ruwa a shimfiɗe a tsakar gida, ruwan da ke fitowa daga cikinsa ba ka iya sa hannu. Da ya ga kwaɓin yana kamewa a baro kafin ya kai wurin zubi, sai ya riƙa ƙara ruwa. Da saman ya fara bushewa yana lailayawa, sai ya yayyafa ruwa ya ci gaba da shafa. Ina tsaye ina kallo, na ɗauka dabara ce. Kafin la'asar saman ya daddare kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Wata uku bayan nan, in ka share wurin sai gari ya taso, in ka karta da kusa sai ta shiga. Na neme shi a waya har na gaji. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don kuɗin gumi ne, kuma ni na taso a gefenka ina miƙa maka cokalin gini, ya kamata a ce na tsayar da shi tun daga baro na farko.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Kankare ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Siminti yana haɗuwa da ruwa ne a hankali, yana kama yashi da tsakuwa, har kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka auna masa. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a rabi. In kuma ruwan ya yi yawa a cikin kwaɓi, bayan ya fita sai ya bar ƙananan ramuka a jiki, ƙarfi ya ragu. Mutumin nan ya haɗa mini duka biyun: ya cika ruwa a ciki, ya bar saman babu kariya. Masana kankare a nan suna da lissafi: idan ruwan da ke tashi daga saman sabon zubi ya doshi kilo 1 a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya, to tsagewa na tafe. A ranar zafi mai iska a Finiks, wuce wannan adadi ba wuya.

Karo na biyu na bi ta hanyar da 'yan gari ke bi. Akwai hukumar jiha mai yi wa 'yan kwangila rajista, ana ce mata Registrar of Contractors. Aikin da kuɗinsa ya kai dala 1,000 sai mai lasisi ke da izinin yin sa, kuma kana iya shiga intanet ka duba lambar lasisin mutum, ka ga ko an taɓa kai ƙararsa. Akwai kuma asusun da ake biyan mai gida diyya daga ciki, har dala 30,000, in ɗan kwangila mai lasisi ya ɓata masa aiki. Wanda ya ɗauki marar lasisi irina ba shi da rabo a ciki. Kafin a sa diga a ƙasa kuma dole a kira lamba 811, a ba su kwana biyu na aiki, su zo su yi wa ƙasa alama da fenti: ja wayar lantarki, rawaya bututun gas, shuɗi ruwan sha. Kyauta ne. Wannan sabis ɗin ya burge ni fiye da duk wani inji da na gani.

Ma'aikatan ɗan kwangila mai lasisin da na ba aikin sun ɗauki yini guda a kan ƙasa kaɗai. Ƙasar nan tana da hali biyu. Wani wuri akwai farin dutse mai tauri a ƙarƙashi da suke kira kalici, diga tsalle take yi a kansa. Wani wuri kuma yumɓu ne mai kumbura in ya sha ruwa, ya motse in ya bushe, yana ɗaga daɓe yana saukewa har ya karya shi. Suka fasa tsohon aikin, suka kwashe, suka zuba tsakuwa haɗe da garin dutse, suka bi ta da injin daddaɓe ƙasa har sai da takalmi ya daina barin sawu. Suka kafa katako, suka ba shi gangara rubu'in inci a kowace ƙafa, don ruwa ya riƙa gudu daga jikin gida. Kada ka ce ai hamada ce. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba akan yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin rabin awa, sau da yawa bayan wata guguwar ƙura da su ma suke kira habub. Da yamma suka jiƙa tsakuwar sosai, don kada busasshiyar ƙasa ta tsotse ruwan kankare ta ƙasa.

Ranar zubi, ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ji ƙarar mota. Ma'aikata biyar, yawancinsu 'yan asalin Meziko, kowa da fitila a goshi. Direban motar kwaɓi ya miƙo takarda. A jikinta an rubuta lokacin da aka loda motar, da ƙarfin kankaren, fam 3,000 a kan kowane murabba'in inci, da ruwan da aka zuba, da ɗan abin da ya rage da aka yarda a ƙara. In ka ce a ƙara fiye da haka, sai ka sa hannu cewa kai ka ce. Al'adar aikin ita ce a sauke kaya cikin minti 90 daga lodi. Shugaban ma'aikatan ya soka wani ɗan ƙarfen awo a cikin kwaɓin, ya nuna mini: digiri 29. Ya ce in ya wuce 35 ba zai karɓa ba. Na sa bayan hannuna kusa da shi na ji da sanyi-sanyi, na tambayi dalili. Direban ya ce a lokacin zafi da ruwan sanyi da ƙanƙara suke kwaɓawa, ana cire wani kaso na ruwan a maye gurbinsa da ƙanƙara, ta narke a hanya. Suna kuma zuba wani magani mai jinkirta kamewa, da wani mai sa kwaɓi ya yi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba.

Wannan dabara ta sanyaya kankare tsohuwa ce a yankin. Madatsar ruwa ta Hoover da ke kan iyakar Arizona da Nebada, wadda aka gina tsakanin 1931 da 1936, bututu aka bi ta cikin jikinta ana tura ruwan sanyi, don siminti da kansa zafi yake fitarwa in yana kamewa. Na kuma san ta tun shekarun da na yi a Dubai, inda kankaren dogon benen Burj Khalifa da dare aka riƙa tura shi sama, da ƙanƙara a ciki. A can doka ce ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. A nan kuwa ma'aikatan ne ke sammako su gama kafin rana ta ɗaga.

Ka so ka ga hannunsu, Kawu. Ba wanda ke magana. Biyu na ja da katako, ɗaya na bi da faffaɗan faranti mai dogon hannu, sau biyu kacal, sai suka tsaya. Na ga ruwa ya taso saman yana sheƙi, na ce ba za su shafe ba? Shugaban ya girgiza kai, ya ce wanda ya shafa wannan ruwan ya koma ciki shi ke kashe saman daɓe. Suka jira sheƙin ya ɗauke. Ɗaya ya riƙa fesa ruwa sama a iska kamar hazo, ba a kan kankaren ba, don iskar da ke wucewa ta yi laima. Daga nan suka ja layuka, kowace ƙafa 4 layi ɗaya, zurfin inci 1, wato rubu'in kaurin daɓen. Shugaban ya ce kankare sai ya tsage, ba makawa, layin nan wuri ne da ka zaɓa masa ya tsage inda ido ba zai gani ba. Inda daɓen ya haɗu da bangon gida suka sa wani abu mai laushi a tsakani, don kowanne ya motsa ba tare da ya ture ɗan'uwansa ba. A ƙarshe aka ja tsintsiya a kai don kada ya yi santsi, aka fesa wani farin ruwa da ke bushewa ya zama fata ya kulle ruwan a ciki. Ƙarfe takwas sun wanke kayan aiki.

A nan ne na ga inda ka fi su. Farin ruwan nan suna son sa ne saboda ba wanda zai dawo gobe, lokacin ma'aikaci tsada gare shi. Ni kuwa na tuna yadda kake hana kowa sakat sai an yi wa aiki ban ruwa safe da yamma. Na tambayi shugaban ma'aikatan, ya ce babu abin da ya fi wannan in mutum zai jure kwana 7, sharaɗin kawai kada a bari ya bushe a tsakani, kuma kada a kwara ruwan sanyi a kan daɓen da ya yi zafi da tsakar rana. Sai na shimfiɗa buhunan algarara na jiƙa, na rufe da farar leda, na danne gefuna da duwatsu. Kullum kafin in tafi aiki da bayan na dawo sai na ɗaga na duba.

Ka tambayi batun kaya. A manyan shaguna irin Home Depot da Lowe's ana sayar da kwaɓi haɗaɗɗe a buhu, siminti da yashi da tsakuwa duk a ciki, ruwa kawai za ka zuba. Kayan ba su da laifi, sun dace da kafa turke ko ɗan dandamali. Amma buhu mai fam 80 sai ka haɗa 45 kafin ka samu yadi ɗaya na kankare (wato awon ƙafa 3 a tsawo da faɗi da zurfi), hanyata kuma yadi biyu ta ci, buhu 90 ke nan. Kafin ka kwaɓa na goma na farko ya kame, sai aikin ya fito gaɓa-gaɓa. Motar kwaɓi tana ɗaukar kusan yadi 10, in ka sayi kaɗan sai ka biya ƙarin kuɗin ƙaramin lodi, duk da haka ita ta fi. Akwai kuma intalok, wanda a Dubai shi ne ko'ina. Amfaninsa in ƙasa ta motsa ko saiwar bishiya ta ɗaga shi, ka cire 'yan ƙwayoyi ka gyara ka mayar. Aibinsa yashin tsakani yana zubewa, tururuwa na gida a ciki, kuma in ba a daddaɓe ƙasan da kyau ba shekara ɗaya ya isa ya lotsa.

Launi ma ba ado kaɗai ba ne a nan. Baƙar kwalta da rana tana haura digiri 70, kuma asibitin ƙuna na Finiks duk bazara yana karɓar mutanen da suka faɗi a kan titi fatarsu ta saluɓe, da yawansu tsofaffi. Na so in sa launin ƙasa mai duhu don kyau, da na tuna yarana suna fita ba takalmi sai na bar shi fari yadda ya zo. Ko shi ɗin da azahar ba a taka shi da tafin ƙafa, shi ya sa na dasa bishiyar palo berde ta yamma da shi, na ba ta tazara saboda saiwa.

Yanzu bazara biyu ke nan da yin aikin. Na durƙusa na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, a cikin tara huɗu sun tsage a can ƙasan layin, siriri kamar zare, sauran wurin ko ƙwarzane babu. Zan turo maka hotunan tare da hoton takardar direban, ka ga yadda suke rubuta awon ruwa. In za ka yi zubin da ka ce, ka sa yashi da tsakuwa a inuwa tun jajibere, a jiƙa tsakuwar, gangar ruwa ma ta kwana a rufe, ku fara da asuba. A gaida su Inna da yara.