Maman Khalifa, tsakanin jerin yaronki da jerin malamarsa

Hajiya Maman Khalifa barka da yamma, ya yara ya aiki. Na ga jerin jami'o'i guda biyun da kika turo na inda Khalifa zai nemi gurbin karatu a nan Amurka, wanda Khalifa ya rubuta da kansa mai Johns Hopkins, Cornell, Carnegie Mellon, Georgetown, NYU da MIT, sannan ya sa College Park, babbar jami'ar jihar Maryland, a matsayin sefti, wato wadda yake ganin tabbas za ta ɗauke shi, da kuma wanda malamar ba da shawara ta makarantarsu ta rubuta masa mai College Park, UMBC (University of Maryland, Baltimore County), Towson, Morgan State da Montgomery College. Ki ɗauki na malamar. Ki bar masa biyu daga cikin nasa ya gwada sa'a, shi ke nan.

Ni na bi hanyoyin nan biyu da ƴaƴana biyu shi ya sa ban tsaya kwana-kwana ba. Babban ɗana irin jerin Khalifa ya yi a 2019, makarantu goma, tara duk masu manyan suna, ta goman kuma wata ce mai zaman kanta a wata jiha da ko ƙofarta ba mu taɓa gani ba, kawai don wani ya ce ai suna ɗaukar kowa. Mu kuma iyaye muna ta jin daɗi, Babansu har ya fara faɗa wa ƴan uwa a Kano a waya. Ƙarshen watan Maris ya zo, ina kicin ina tuƙa tuwo shi yana zaune a falo da kwamfuta a cinya yana buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya, ba ya cewa komai, sai dai na ji ya rufe kwamfutar a hankali ya haura sama, daren nan ko abinci bai ci ba. Tara duk ba su ɗauke shi ba. Ta goman ta ɗauke shi har da takarda mai kyau wai an ba shi sikolashif na dala dubu 25, muka yi ta hamdala, sai da muka zauna da biro muka cire muka ga abin da ya rage a kanmu duk shekara ya fi ƙarfin albashina da na Babansu in an cire haya. Don kar yaro ya zauna a gida muka ci bashin iyaye da ake kira Parent PLUS, bashi mai kuɗin ruwa, abin da muka sha alwashin ba za mu taɓa ba tun da muka zo ƙasar nan. Shekara ɗaya ya yi ya dawo. Har yau ina biya, kuma duk wata in na ga an cire raina sai ya ɓaci.

Jerin Khalifa ba wai banza ba ne, in Allah ya sa aka ɗauke shi Hopkins za ta iya fi miki sauƙi a kan makarantar jiha, don tun kyautar dala biliyan 1.8 da attajirin nan Michael Bloomberg ya ba su a 2018 suke cike wa ɗalibi abin da iyayensa ba za su iya ba, ba tare da sa masa bashi a cikin tallafin ba, MIT ma daga 2025 ta cire kuɗin karatu ga mafi yawan iyalan da abin da suke samu bai kai dala dubu 200 a shekara ba. Iyakar alherin da zan faɗa kenan. Hopkins da Cornell da MIT duk ƙasa da mutum 10 cikin 100 suke ɗauka, kuma sauran 90 ɗin da ake mayarwa ba daƙiƙai ba ne, yawancinsu na ɗaya ne a makarantunsu, masu maki irin na Khalifa ko fiye. Shida irin wannan ba su zama shida ba, kusan duk abu ɗaya suke dubawa, wanda ɗaya ta ƙi sau da yawa sauran ma haka.

Abin da ya fi damuna a jerinsa ma shi ne College Park da ya mayar tudun dafawa. Ƙanwata wannan makarantar ba ta da ba ce, yanzu ko rabin masu nema ba ta ɗauka, kuma kin ce kimiyyar kwamfuta yake so, wannan fannin a can yana cikin waɗanda aka ƙayyade yawan ɗalibansu, ana iya ɗaukar yaro makarantar a hana shi fannin. To in ta ƙi shi ina zai sa kansa? College Park a tsakiya take, cikin na daidai ruwa daidai tsaki, ga mai son kwamfuta ma ta ɗan haura haka. Kuma dole ya tura kafin 1 ga Nuwamba a zagayen farko na masu nema da wuri da ake kira Early Action, don a nan suke cike mafi yawan kujerunsu, wanda ya jira Janairu ya makara.

Sefti na gaskiya sai ta cika abu uku. Makin yaro ya haura na yawancin waɗanda suke ɗauka, ku iya biyan kuɗinta ko ba a ba shi ko kwabo ba, sannan shi yaron in aka ce nan zai je ba zai ji kamar an kai shi kurkuku ba. Na ukun nan mutane ke mantawa, da na biyun. Mu duka biyun muka manta.

Da aka zo kan ƴata, ƙanwar babban ɗan nawa, a 2022 na ce wallahi ba za a maimaita ba. Daga ƙasa muka fara gina jerin ba daga sama ba, sai da muka tabbatar da biyu da za mu iya biya kuma za su ɗauke ta, muka je muka gan su da idonmu, sannan muka yi maganar sauran. Ranar da muka je UMBC a Catonsville Juma'a ce, ita tana ta kumbure-kumbure a mota wai ƙawayenta duk Boston da New York suke magana ita an kawo ta bayan gida. Muna cikin zagaya ginin kimiyya wata yarinya mai hijabi ƴar aji uku ta gan mu ta yi mana sallama, ta ja ta ta nuna mata ɗakin binciken da take aiki tun tana aji ɗaya, da farar rigarta rataye a ƙofa da sunanta a jiki, ta kai mu inda ɗalibai Musulmi ke sallah, daga nan muka wuce masallacin Islamic Society of Baltimore da ke kusa, wanda Obama ya ziyarta a 2016. A hanyar dawowa shiru ta yi, can sai ta ce Mama in nan ne ma ba laifi. A watan Disamba takardar ɗaukarta ta zo, kuma ba ki ga yadda gidan ya sauya ba, ta ci gaba da jiran sauran makarantu da kwanciyar hankali tana barcinta, wata babba ta ƙi ta a Maris ta yi kukanta na rabin awa ta tashi ta ci abinci. UMBC ɗin ta zaɓa a ƙarshe duk da College Park ma ta ɗauke ta, duk ranar Asabar tana gida tana cin tuwona, kuma ba mu ci bashin dala ɗaya a kanta ba.

Kar ki bari a raina miki UMBC. Shirinsu na Meyerhoff da aka kafa a 1988 ya yi suna a duk Amurka wajen fitar da baƙaƙen fata masu digirin digirgir a kimiyya, Kizzmekia Corbett da ta yi aikin rigakafin korona na Moderna a can ta yi digirinta na farko ƙarƙashin shirin. Ya kamata Khalifa ya nemi shirin, amma ki duba ranar rufewa da wuri don nasu daban yake. Towson da Morgan ban sa ɗa a cikinsu ba, amma ga mai makinsa su ne tudun mun tsira, kuma kuɗin karatu na ɗan jiha a waɗannan makarantun bai wuce dala dubu goma sha wani abu a shekara ba in ba a haɗa da ɗaki da abinci ba, alhali su NYU in an haɗa komai sun haura dubu 80. Montgomery College kuma, kwalejin shekara biyu wadda na san yaro zai ce Allah ya kiyaye, ita ce ta ɗaga babban ɗana bayan ya dawo. Akwai shirin MTAP da ke ba ɗalibinsu tabbacin shiga College Park in ya cika sharuɗa ya riƙe matsakaicin maki (GPA) na 3.0, sai dai tabbacin bai haɗa da fannonin da aka ƙayyade ba, a kula da wannan. Takardar digirin da zai fita da ita a ƙarshe iri ɗaya ce da ta wanda ya fara tun aji ɗaya.

Ba sai kin yarda da bakina ba, ki auna da kanki. Kowace makaranta dole ta sa Net Price Calculator a shafinta, ki ɗauko takardun harajinku ki cike, minti goma sha biyar zai nuna miki kusan abin da za ku biya. Sannan ki rubuta sunan makaranta da Common Data Set a Google, ki je sashen C, nan za ki ga nawa suka nema nawa aka ɗauka da makin jarrabawar SAT na tsakiyar waɗanda suka shiga. In makarantarsu tana amfani da manhajar Naviance ya nuna miki zanen ɗigo-ɗigon nan na yaran makarantarsu da suka nema a baya, kore an ɗauka ja an ƙi, wannan ya fi komai faɗin gaskiya. Common App, shafin da ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya, na barin yaro ya sa har makarantu 20 amma kar ku biye wa wannan, kowace da kuɗin fom ɗinta wasu har dala 80, da rubuce-rubucenta daban, takwas ko tara sun isa. In kun cancanta malamar za ta iya sa a yafe kuɗin fom, ki tambaye ta ba abin kunya ba ne.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don Allah ki yi hattara da masu cewa su ƙwararru ne a harkar shigar da yara jami'a. Mu mun ba wani dala 1,500, a wajen taron suna aka haɗa mu da shi, shi ne ya zuga mana jerin can na farko yana cewa yana da mutane a ciki, da sakamako ya fito wayarsa ta daina shiga. Babu mai iya ba ki tabbacin Hopkins, wanda ya ce zai iya ko maƙaryaci ne ko zai jefa ku cikin laifi, kin tuna badaƙalar sayen gurbin jami'a ta Rick Singer a 2019 har iyaye masu kuɗi aka ɗaure. Wanda ya ce zai rubuta wa yaro maƙalarsa ku guje shi, in aka gano ana iya janye gurbin. FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnati, kyauta ce a shafin gwamnati, duk wanda ya ce ki biya ya cike miki ko ki biya kafin a ba ki sikolashif, kuɗinki yake so, kuma kar ki ba kowa lambar Social Security ɗinku ta WhatsApp.

Sai Early Decision, wato neman makaranta ɗaya da wuri, wannan alkawari ne da ku ma iyaye za ku sa hannu, in an ɗauke shi sai ya janye sauran ya je, ba za ku samu damar jera takardun tallafi ku kwatanta ba. Ni ban yarda ku taɓa shi ba sai in kun yi lissafin nan kun ga za ku iya. Sauran kuna da har 1 ga Mayu kafin ku zaɓa. Duk wannan ga yaro irin Khalifa ne mai takardun zama a nan, wanda zai nemo daga gida Najeriya ko Nijar lissafinsa daban ne gaba ɗaya don ba ya samun tallafin gwamnati ko farashin ɗan jiha.

To ga yadda zan rubuta in ni ce: Towson da Morgan a ƙasa, UMBC da College Park a tsakiya, ki ƙara ɗaya ko biyu irinsu in lissafin kuɗin ya yi, Hopkins da guda ɗaya da ransa ya fi so a sama, Montgomery College a ajiye a gefe. Kar ki yage nasa a gabansa, yaro ne ya yi ƙoƙari kuma zai ji ciwo, ki kai shi UMBC ya gani tukuna. In kina so ku zo gida ranar Asabar bayan la'asar da kwamfutarsa da takardun haraji, ƴar tawa tana nan, su yi magana su biyu mu kuma mu cike lissafin. Allah ya yi masa zaɓi mafi alheri, ki gaida Alhaji.